Agogon Kwalbar Jaririya Ya Tsaya

Birnin Konni, ranar Laraba

Zuwa ga ɗiyata Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki da sanyin ƙasar mutane, Allah ya ƙara miki lafiya, ya tsare ki. Babanki lafiya lau, gero ya fara kai a gonar Tsarnawa. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san da furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Ƙanwarki Badi'a ta haihu ranar Juma'a, mace, amma bakwaini. An sa jaririyar cikin kwalbar ɗumi a likita, mai allo a gefe yana nuna zafin jiki da lokaci. Shekaranjiya ina zaune ina karanta lambobin, don ba ni da abin yi sai shi. Kowa ya leƙo sai ya ce alhamdulillahi, lamba ba ta motsa ba. Ni ma haka na ce, har aka kira azahar, na ga agogon allon yana nan a sha ɗaya da minti goma. Na taɓa gilashin, sanyi. Na kira malamar jinya, ta ce in zauna Hajiya, da akwai matsala da na'urar ta yi kuka. Na ce mata wanda ya suma ba ya kuka. Da ta duba sai ta fizge jaririyar ta ɗora a ƙirjin Badi'a, muka lulluɓe su da zanena, ta kashe na'urar ta kunna yadda muke yi wa salula. Na'urar ta dawo aiki, amma ba wanda ya san abin da ya tsayar da ita. Tun ranar ban iya zama ba. In na tafi alwala sai in dawo da gudu in duba ko mintin ya gusa.

Sai yanzu na gane maganarki. Kin ce aikinki shi ne zuciyar na'ura, wadda duk sauran sassan ke jiran umarninta, kuma wata huɗu kina neman kuskure guda da ke sa ta daskare sau ɗaya cikin dubu. Na yi miki faɗa, na ce wane irin aiki ne wannan, a kashe a kunna mana. Kika ce akwai na'urar da rai ke rataye da ita, ba a da lokacin kashewa. Ban sani ba ko irin taku ce wannan, amma wata uwa tana can gaban na'urar taku, wataƙila ba ta iya karanta agogo ba.

Na matsa miki ki ajiye komai ki zo wankan jegon Badi'a. Na janye. Wanka ni zan yi mata, allon ma ni zan tsare. Ke ki zauna ki nemo kuskuren nan. In kuma ba ku iya hana ta tsayawa ba, ku koya mata ta yi kuka kafin ta suma.

Ki gaida mijinki Abdulhamid da ƴar jikata Fadimatu. Badi'a da babanki suna gaishe ki. Ki sa jaririyar a addu'a, jibi suna.

Zan tsaya nan, na daɗe ban duba ba.

Mahaifiyarki,
Tsahara