Farar rigar Rakiya

Yaya Hadiza,

Ina gaida ki da kyau. Ya jiki, ya zafin Tawa? Ya Malam da yara, ya ƙafar Inna? Mu nan Yamai lafiya lau.

Zancen 'yarki Rakiya ne. Kin san tun da ta gama makarantar jinya ta shekara biyu a can, ta zo jami'a ba ta da magana sai binciken ƙwaƙwalwa, saboda farfaɗiyar ƙanenta Sani. Sun karɓe ta a ɗakin bincike, amma wanke kwalabe kawai take yi.

Ran Talata baƙi suka zo daga waje, masu tallafa wa ɗalibai irinta. Nan da nan aka sa mata farar rigar ɗakin bincike, aka zaunar da ita gaban na'ura, farfesa ya dafa kujerarta ana ta hoto. Motar baƙin na fita, sakatariyarsa ta miƙo hannu: "Kawo rigar, ta waɗanda suka fara karatu nan ce."

Ta dawo ba ta ci tuwo ba. Ta ce, "Goggo, ko kunna na'urar ba su yi ba."

Yaya, raina ya ɓaci. Da safe na yanko farin yadi a kasuwar Wadata, na hau keken ɗinkina.

Ki gaida Malam da Sani, ku sa ta a addu'a. Rigar da ke jikinta yanzu ni na ɗinka, da sunanta a ƙirji. Sakatariyar ta zo ta cire mu gani.

Ƙanwarki,
Zulai