Resista a Cikin Ambulan

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina tambayar lafiyarka da ta matarka da yara. Mu nan sai godiya.

An sallamo Baba daga asibiti. Aikin maƙogwaron ya yi kyau, amma muryar ta tafi, saura ɗan huci wanda sai ka kafa kunne a bakinsa. Mutumin da in ya daka tsawa a shago har mai walda na ƙarshen layi ke ajiye aiki, yau cokali yake buga wa kofi in yana son ruwa. Na tambayi kuɗin na'urar ƙara murya da likita ya ambata, na fito ko sallama ban yi ba.

Don haka da kaina zan haɗa masa. Kar ka yi dariya. Na san kai Baba ya zaunar a benci ya koya wa gyaran rediyo, ni kuwa tsintsiya ya miƙo min, wai hannun mace ba na dalma ba ne. To, tun da ka tafi wa ke buɗe shagon?

Na huhhuda murfin gwangwani, na ɗame takardar kwalin sigari mai sheƙi a kansa, tazararsu kamar kaurin gashi, na jera musu batura. Makirufon ke nan. Murya na kaɗa takardar, amma abin da ke fita bai kai numfashin sauro ba. Na ciro transisto biyu daga wani mataccen rediyo don su ɗaga shi. Ba zan ɓoye maka ba, so nake sau ɗaya a duniya ya dubi aikina ya ce madalla.

Ƙanwarka,
'Yar Shara

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya jikin ƙaramar taku? Wasiƙata ta farko dai shiru, na san aiki ya yi maka yawa, kamar kullum.

Abin ya ba ni wuya. Da fari gurnani yake in an kunna fanka, sai da na cusa shi cikin gwangwanin madara na haɗa jikin gwangwanin da wayar ƙasa. Sai kuma murya ta riƙa fita a shaƙe. Na yi ta canza resistar da ke ciyar da transisto na farko, yatsuna duk ƙuna, har na dace da wadda ta zauna daidai.

Na rataya wa Baba a gaban Kawu da mai walda. Ya yi gyaran murya, ɗakin ya amsa. Kawu har da hawaye. Baba ya juya gwangwanin, ya leƙa ciki, ya ce musu ɗansa ne ya aiko masa daga can, ai hannun ɗansa ba ya ɓuya. Na ce ni na haɗa. Ya yi dariya, dariyar ta fito tas ta lasifikar da na ɗaura da hannuna. Ya ce in daina ƙarya a gaban manya, in je in ɗauko tsintsiya.

Tun ranar bakinsa bai huta ba. Miyata ba gishiri, tafiyata ta agwagwa, shagon kuma naka ne, ni gadi nake yi. Yaya, ban taɓa jin zagi garau haka ba, ba gurnani ba shaƙewa. Ni na ce wa kaina madalla.

Ƙanwarka,
'Yar Shara

Zuwa ga Yayana,

Ina gaisuwa, Allah ya sa kuna lafiya. Ka buɗe ambulan ɗin nan a hankali, akwai ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa a ciki. Resistar nan ce. Na cire ta daga na'urar wata safiya Baba yana banɗaki.

Da ya rataya ya ji shiru, ya buɗe gwangwanin. Ka san Baba da sana'arsa, kallo ɗaya ya ga gurbin. Ya daɗe yana bin ɗigon dalmar da ido, nawa ƙanana ne, naka kuwa dunƙule-dunƙule kamar kashin akuya, ya fi kowa sani. Ya yi min nuni na kawo masa kayan aiki, na kawo har da akwatin resistoci. Ciwo ya ci ƙarfinsa, ko wayar bai iya kamawa ba. Na tsaya ina kallo har ya ajiye.

Na gaya masa gaskiya ya faɗa, mace ba ta iya wannan aiki ba, sai mu jira mai shi. Don haka ga resistarka, ka zo ka mayar da ita. Na san ba za ka zo ba, shi ma ya sani.

An koma cokali da kofi. Ina ba shi magani a kan lokaci, ina wanke masa kaya, miyar ma na ƙara gishiri. In na shiga ɗakin yakan kamo gefen zanena, bakinsa na motsi, idonsa jawur. Kawu ya rantse madalla yake cewa. Mai yiwuwa ne. Ni dai ban sunkuya ba.

Ka gaida mutan gidan.

Ƙanwarka,
Mai Gyaran Rediyo