Na Bar Muku Malama

Da sunan Allah. Ni mahaifiyarku nake rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, jikin ne kawai ya ƙi. Likita ya gaya mini gaskiya game da ciwon cikin nan, na kuma gode masa. Ban taɓa zaton zan riga kakarku tafiya ba. Ita ta haura casa'in; ni da nake yi mata wanka, yau bokiti ya fi ƙarfina.

Na ɗaya. Gidan nan naku ne ku uku, amma kada a sayar, kada a taɓa ɗakin kakarku Malama muddin tana numfashi. Dogo, na san kana so ka mayar da ita birni kusa da asibiti, kuma niyyarka mai kyau ce. Ka tuna bara da muka gwada. Wuni ta yi tana laluben bangon gidanka tana neman ƙofar aji, har ta faɗi ta karya ƙugu.

Ba ku san ta da ƙarfinta ba. Ita kaɗai ce malama a ƙauyen nan, ajinta rufin kwano ne mai yoyo. Da damina takan tattare zane ta ratsa rafi, ni a goye, littattafai a ka. Gida gida take bi tana roƙon iyaye su sako mata yara daga gona. Har ma'aikaciyar jinyar da ke ƙara mini ruwa, a hannunta ta koyi rubuta sunanta. Yau Malama ba ta san nata sunan ba.

Na biyu. Kowace safiya za ta sa takalmi ta ce ta makara. Kada ku gaya mata makarantar ta rushe. Na taɓa faɗa mata, ta yi kuka kamar an yi mutuwa, kashegari ta manta ta sake neman takalmi. Ku ce yau hutu ne. Ku ba ta alli ta yi ta rubutu a jikin ƙofa.

Na uku. Keken ɗinkina na Auta ne. Keken guragun da Malama ke zama a kai, aron mai kanti ne, a mayar masa in ta daina buƙata. Ba wanda ke bina komai.

Na huɗu. Dogo, kai da ƙanwarka 'Yar Baba, tun faɗuwar nan ba kwa gaisawa. Ta ce kai ka karya tsohuwa, ka ce ita baki kawai take kawowa. Kowannenku sai ya tabbatar ɗayan ba ya nan sannan ya zo duba ni. Ina kwance ina gani. Na roƙa, na yi faɗa, yanzu muryar ma babu. Mutum ɗaya ba ya iya ɗaga Malama daga gado, sai biyu.

Na biyar, wanda ya fi damuna. Daga hannuna kaɗai take karɓar abinci. Ba ta san ni 'yarta ce ba, ɗalibarta take ɗaukata. Ran nan na rarrafa ɗakinta don in yi mata sallama. Ta riƙe hannuna tana juya shi, ta ce, “Ke yarinya, ba a ba ki abinci a gida ne? Ki gaya wa uwarki ina son ganinta.” Na ce to, Malama. Za ta neme ni. Na yi ta tunanin abin da za ku ce mata, ban samo ba.

Allah ya yi muku albarka, ya raya zuriyarku. Na yafe muku, ku yafe mini. Ku riƙe juna, kada rashina ya watsa ku. In lokacin cin abincinta ya yi, ku shiga tare, wataƙila ta karɓa daga hannun ɗayanku.