Inna, Baba Yana Koyon Numfashi

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar girmamawa da addu'ar Allah Ya ƙara haskaka makwancinki, na zo miki da labarin gida.

Inna, bayan rasuwarki Baba ya faɗi. A gonarsa ta hanyar Maska abin ya same shi, ana tsakiyar karyar masara. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Likita ya ce zuciyarsa ma ta yi rauni, ba ta harba jini yadda ya kamata.

Kin san shi da murya, har kikan ce, "Malam, sassauta, ba a kasuwar Funtua kake ba." To ya koma in ya amsa sallama sai ya huta. Daga ɗaki zuwa zaure haki yake yi, ƙafafu a kumbure.

A asibitin Malumfashi wata ma'aikaciya ta ba mu 'yar roba mai kama da usur. Ta ce naman da ke jawo numfashi shi ma ya saki, kuma ana horar da shi kamar yadda ake motsa hannun da ya shanye. Zai sa ta a baki, a toshe hanci, ya zuƙi iska da ƙarfi. In jiri ya taso ko ƙirji ya yi nauyi, a dakata. Maganin zuciya kuma ba fashi.

Ranar farko wurgi ya yi da ita. "Da furfurata za a koya mini numfashi?" Na zaga bayan ɗaki na yi kuka, don ke kaɗai kika iya lallashinsa. Na wanke fuska, na dawo na zauna gabansa ina jan numfashi tare da shi. Haka muka riƙa yi safe da yamma, yana mita, yana zuƙa.

Bai warke ba, Inna. Hannun yana nan yadda yake. Amma yanzu yana kai ƙarshen zance.

Makon jiya matar Sani, autanki, ta haifi mace. Baba ya ce shi zai yi huɗuba. Na tallafa masa jaririyar a cinya. Ya sunkuya ya yi mata kiran salla a kunne, a hankali, har ƙarshe. Sannan ya raɗa mata sunanki. Tun da nake, ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba sai ranar.

Allah Ya jiƙanki, Ya ba Baba sauƙi, Ya raya takwararki, Ya haɗa mu a Aljanna.

'Yarki mai kewarki,
Hadiza