Baba Ya Ba Ƙanena Namijin Kifin

Goggo Siu-lan, don Allah ki taimake ni kafin in yi abin kunya. Ni ce babba a gidanmu a Linbian, a bakin tekun Taiwan. Tun ina budurwa nake kiwon shiban, wani babban kifin teku, tare da Baba, ruwan gishiri ya gama cinye min hannu. Kin san shiban duk mata ake ƙyanƙyashe su, sai an shekara da shekaru babbar cikinsu take rikiɗa ta zama namiji. Namijinmu ɗaya ne tak, kuma ni na rene shi tun bai wuce ɗan yatsa ba.

Da Baba ya tashi rabon iyayen kifi, sai ya ba ƙanena A-kun namijin, wai shi zai gaji kunna wa kakanni turare. A-kun fa, wanda ya dawo daga birnin Kaohsiung bara, har yau toshe hanci yake in ya zo bakin tafki. Ni aka bar min matan. Watan jiya suka zuba ƙwai, ina tsaye ina kallo ya yi fari ya nutse, ko ɗaya bai ɗauka ba tunda ba namiji. Ƙwan da ya ɗauka ne kawai ke tasowa sama.

Kishi nake, Goggo, ba zan ɓoye ba. In na ga Baba yana dafa kafaɗarsa, sai in bar wurin. Jiya har na kai hannu kan makunnin injin da ke ba tafkinsa iska. In kowa ya rasa, ai an yi daidai.

Daga Yaya Mai Ƙunar Rai

Amsar Goggo: Yaya, ɗauke hannunki daga makunnin nan. Kifin da za ki shaƙe, renonki ne.

An ƙware ki, ban musa ba, kuma ki faɗa wa Baba haka ido da ido, cikin ladabi. Amma dubi tafkin A-kun: namiji ɗaya yana ta kewaya tafki, ba mace ko ɗaya. Shi ma bana ba shi da ɗan kifi, wataƙila kunya ce ta hana shi zuwa wurinki. Ki riga shi. Ku haɗa iyayen kafin zubin ƙwai na gaba, ku raba 'ya'yan, a gaban shaida.

In ya ƙi, kada ki roƙe shi. Ke kika ce babbar mace ce take rikiɗa, kuma masu kiwo sun san ta fi saurin yi in babu namiji a tafkin. Ki ware mafi girma, ki ciyar da ita, ki yi haƙuri. Namijin da kike kuka a kansa, a hannunki ya tashi yana mace.

Allah ya sa ƙwanki na gaba ya taso saman ruwa.