Turai Ta Rubuto Daga Bakin Kwara

Lakwaja, da kaka.

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajjo, a Farin Dutse ta ƙasar Gwaram.

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fatan kina lafiya, ke da yayana Badaru. Inna, Turai ce. Ban mutu ba.

Bayan maharan Ningi sun kama ni a gona, an yi ta sayar da ni har bakin Kwara. Nan wani malamin Kirista, baƙar fata mutumin wata ƙasa da ake kira Saro, ya fanshe ni ya sa ni a makarantarsu. A hannun matarsa na girma, Mama muke ce mata. Wani falke ɗan Birnin Kudu, Ƙasimu, shi ya ji Hausata a kasuwa ya tambayi garinmu. Shi ke rubuta miki wannan da ajami, don ni rubutun makarantar nan kaɗai na iya.

Gidan nan ƙararrawa ce sarki. Ita ke tashinmu, ita ke kai mu addu'a. Ba kwalli, ba lalle, ba gaɗa. Ran Lahadi ko wuta ba a hurawa. Ranar da Mama ta ji ina waƙar niƙan da kika koya mini, na sha bulala, na yini a durƙushe. Amma da agana ta kama ni kowa ya gudu, ita ta zauna tana ba ni kunu a baki.

Ga abin da ya fi mini nauyi. An yi mini baftisma, Rahila suke kirana. Ba na salla, Inna. In kin ce kada in zo, ba zan ga laifinki ba.

'Yarki,
Turai.

Lakwaja, da bazara.

Innata,

Gaisuwa da kewa. Yaya zafi, yaya ƙafar da aka ce tana damunki?

Ƙasimu ya iso da daddawar da kika aiko. Ya ce Badaru ya yi fushi ya fice, ke kuwa kin ce Allahn da ya raya ni ya fi ki sanin zuciyata, in zo kawai. Na yi kuka har ya rasa yadda zai yi da ni.

Da na nemi izini, Mama ta ce atafau, zan ɓata. Ta daina yi mini magana. Rannan ina wanki ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ni, abin da ba ta taɓa yi ba. Ashe ita ma sato ta aka yi tana ƙarama, ko sunan uwarta ba ta tunawa. Ta tambayi naki, ta yi ta maimaitawa, sannan ta ce in shirya.

Tun ranar, kullum a addu'ar safe sai ta ambace ki gaban 'yan makaranta duka. Bakinta ba ya iya Hajjo, Ajo take cewa.

Zan biyo ayarin Ƙasimu kafin ruwa ya sauka. Ki lallashi Badaru. In ya ƙi, ke kin ishe ni.

Taki har kullum,
Turai.