Kusurwar da Baba Ke Kallo

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Yaya Inna da ciwon gwiwarta? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya ƙalau, sai kewarku.

Baba, gyara zama, albishir na kawo. Ka san gidan talabijin ɗinmu na ƙasa zai sauya suna da tambari. Tsohon sunan ya girme ni. Tun zamanin baƙi-da-fari yake, lokacin da kake leƙa akwatin maƙwabta kana karanta fuskar mai labarai, tunda kunne ba ya ba ka komai: in ya ɗaure fuska an yi rashi, in ya saki an ci ƙwallo. Saboda kai na riƙe maganar hannu har na samu 'yar kusurwar nan ta ƙasan allo, wadda sai ka manna hanci a gilashi kafin ka ga yatsuna.

To, masu zanen sabon tambari sun yi aikinsu ne da labaran safe, waɗanda ba na fitowa a ciki, sai suka dasa shi daram a kan kusurwata. Na kai kuka ofis-ofis, kowa ya ce in bari a ƙaddamar tukuna. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san in aka rufe kusurwar nan, kai aka rufe wa duniya.

Ranar gwaji shugabar gidan ta zauna da manyanta. Dattijon nan mai karanta labarai, wanda kake shafa haɓa in za ka ambace shi, ya gyara tabarau, ya fara motsa baki ba murya. Mai kula da sauti ya rikice, yana ta murɗe-murɗe, ya jiƙe sharkaf da gumi. Shugaba ta tambayi abin da ya lalace. Dattijo ya ce ba abin da ya lalace, haka dai kurame za su riƙa samun labaranmu daga ranar Asabar da za a ƙaddamar. Ashe dattijo da masu kyamara ne suka ƙulla abin, mai sauti kaɗai aka bari a duhu, har yau bai huce ba.

Shugaba ta miƙe da kanta, ta nuna saman allo, ta ce a mayar da tambarin can. Kusurwata kuma a faɗaɗa ta, a riƙa ganina har ƙugu. Baba, kuka na yi ina dariya, kwalliyata duk ta zube!

Sabon sunan ma ni aka ce in yi masa alama da hannu. Na ɗauko wadda kake yi mana a gida in kana so a kunna akwati. Da ita zan buɗe labarai ranar Asabar, ƙasa gaba ɗaya za ta koye ta.

A gaida Inna. Ranar, kada ka ja tabarma gaban akwati. Ka zauna a kujerarka ta bakin ƙofa, ka miƙe ƙafa. Daga can ma za ka gan ni.

Taka har kullum,
Auta